Jifan da Na Ci Abinci da Shi

Ban taɓa iya ƙwallo da ƙafa ba, gara in faɗa da bakina kafin mutanen Gwarzo su faɗa. Idan aka turo mini ƙwallo takan wuce ni kamar ba mu taɓa haɗuwa ba. Abin da Allah ya ba ni hannu ne. Tun ina ƙarami ni ake turawa gadin gero a gonarmu ta hanyar Getso, in wuni ina jifan tsuntsaye da hoge har kafaɗata ta saba. Da na shiga ƙungiyar garinmu sai aka gano cewa idan ƙwallo ta fita gefe aka miƙo mini, zan iya ɗaga ta da hannu biyu daga kusan tsakiyar fili in sauke ta a bakin ragar abokan karawa. Saboda haka kawai ake saka ni a wasa. Sai in yi ta gewaye a fili kamar mai neman akuyarsa, har ƙwallo ta fita a ƙwala mini kira.

Wasan da ya ɗaga ni na ƙarshe ne a gasar garuruwan yankinmu, mu da Kabo, a filin wata makarantar sakandare. Golansu wani dogo ne siriri, ɗalibi a makarantar horar da malamai, irin mutanen nan da ko filin ƙwallo za su je sai sun riƙo littafi. Duk abin da muka buga ranar ya kama. Saura 'yan mintoci a tashi, ba wanda ya ci wani, sai ƙwallo ta fita ta gefen da nake.

Na goge ta da rigata, na ja baya har cikin 'yan kallo, na sheƙo na sake ta. Iska tana bayana. Ta wuce kan 'yan wasanmu, ta wuce kan nasu, ta nufi raga kai tsaye. Ina kallon golan nan da idona: ya dubi ƙwallon, ya mayar da hannayensa biyu bayansa, ya matsa gefe kamar mai ba babba hanya. Ƙwallo ta shige raga.

Alƙalin wasan wani malamin motsa jiki ne da aka ba sabon usur a ranar. Ya busa, ya nuna tsakiyar fili. Golan ya biyo shi da gudu.

“Malam, ba ci ba ne! Babu wanda ya taɓa ta! Jifa ba ya zama ci sai wani ya taɓa!”

“To in ba ci ba ne,” in ji alƙali, “wannan da ke cikin ragarka mece ce, kabewa?”

Ban ji sauran ba, don a lokacin ina kan kafaɗun mutane. Aka zaga da ni gari a bayan a-kori-kura, ina rungume da kofi. Ban san wata doka ba, alƙali bai sani ba, jama'ar da ta cika filin ba su sani ba. Mutum ɗaya ne ya sani a wurin, shi kuma aka raka shi mota da jifa.

Kafin sati ya zagayo labari ya gama Kabo cewa ya sayar da wasa. Wani ya rantse ya gan shi yana cin tsire da mutumin Gwarzo. Wani ya ce a dubi sabon kekensa, alhali keken ya girmi wasan da wata uku. Ya kawo littafin dokoki ya buɗe musu, suka ce wanda ya iya sayar da garinsu ai ba zai rasa takardar nunawa ba. Mahaifinsa ma'aunin hatsi ne a kasuwa, mutumin da duk jarinsa amana ce, mata kan aiko masa da dawa ba tare da sun biyo ta ba. An ce bai daki yaron ba, bai zage shi ba. Cewa kawai ya yi kada a sake ambaton ƙwallo a gidansa.

Duk wannan ya zo kunnena a lokacin, amma ina da abin yi. Wata ƙungiya a Kano ta aiko a ɗauke ni, da albashi da takalmi da komai. Na yi shekaru kusan goma ina yawo a motar ƙungiya, yau Zariya, gobe Jos, ana ciyar da ni don in yi jifa biyar ko shida a wasa. Ban sake jefa wata ta shiga raga kai tsaye ba, wanda yanzu na san rufin asiri ne daga Allah. Daga baya kafaɗar ta fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa, likita ya duba ya ce in nemi wata sana'a. Na dawo Gwarzo da jaka ɗaya da labari ɗaya.

Labarin kuwa na kula da shi fiye da yadda na kula da kafaɗar. A majalisa, a wurin ɗaurin aure, a teburin mai shayi, duk inda aka zauna sai an ce in ba da shi. Kullum nisan yana ƙaruwa. Da daga kusan tsakiyar fili ne, ya koma daga tsakiya, har wata rana na ji kaina ina cewa daga ɓangarenmu na jefo. Golan kuma, a bakina, tsoro ne ya sa ya kauce, don kada ƙwallon ta karya masa yatsu. Har ina ganin alheri nake yi masa, tunda matsoraci ya fi maci amana daraja.

Bakin nan ne ya kai ni rediyo. Wata sabuwar tasha a Kano tana neman tsohon ɗan wasa mai surutu ya riƙa shirin wasanni duk Asabar da hantsi, aka ce ai ga ni. Shugabar sashen shirye-shirye wata mata ce 'yar kudancin Kaduna, ba ta dariya sai da dalili. Ranar da na fara ta ajiye mini littafi a gabana.

“Dokokin wasa ne. Ka karanta su duka. Ba na so ka kunyata mu a kan iska.”

Na ji haushi, wai ni za a koya wa ƙwallo. Amma na buɗe shi a mota a hanyar komawa gida, da ɗan Turancina na sakandare, ina bi da yatsa. Mun wuce Kabo kaɗan na iso kan babin jifa. Layi biyu ne kacal. Ba a cin ƙwallo kai tsaye daga jifa. Idan ta shiga ragar abokan karawa ba wanda ya taɓa ta, sai a ba golansu ya buga daga gidansa. Na karanta sau uku ko za ta canja, ba ta canja ba. A nan na gane abin da dogon nan ya yi. Dogayenmu biyu suna tsalle a kansa, da ya kai hannu ta zille masa ta shiga, da ci ne na gaskiya. Sai ya ƙyale ta, don ya san ba komai ba ce. Duk filin nan shi kaɗai ne ya yi wasa da hankali, ni kuma aka ba kofi.

Kunya ta kama ni. Na rufe littafin na tura shi ƙasan jaka. Ranar Asabar kuma aka buɗe shirina da taken da aka naɗa mini, wata murya mai kauri tana cewa ga mutumin da ya ci Kabo da hannu. Na gyara zama na yi wa masu sauraro sallama. Wani lokaci samarin gidan kallo, waɗanda suka san doka fiye da alƙalan zamaninmu, sukan turo saƙo suna tambaya ko wani ya taɓa ƙwallon nan kafin ta shiga. Ni ke zaɓen saƙon da za a karanta, don haka ba a taɓa jin nasu ba.

Na haɗu da golan a wani suna a Lakwaya. Ya zama shugaban wata firamare a Kabo, furfura ta fito masa, har yanzu siriri. Shi ya taso ya same ni. Muka gaisa, gida, iyali, aiki, damina, ya bi su ɗaya bayan ɗaya bai tsallake ko ɗaya ba, ni kuwa ina ta addu'a a kawo abinci.

“Ina jin shirinka,” ya ce. “Baba ma ba ya wuce shi. Ya tsufa, ido ya tafi, rediyo ce abokiyar hirarsa. Ƙwallon da ya hana a ambata, yanzu ita yake ji duk Asabar.”

“Allah ya ƙara masa lafiya, Malam.”

“Amin. Na san yanzu ka karanta dokar.”

Na dubi tabarma. “Na karanta.”

“To ka faɗa a rediyo. Ba don mutanen gari ba, su na daɗe da sallama su. Don tsohon nan. Ni na faɗa masa har na gaji, ɗa ne ke kare kansa. Amma duk abin da rediyo ta faɗa yana yarda. Ina so ya ji tun yana da rai.”

Na dafa ƙirji na ce Asabar mai zuwa, in Allah ya yarda.

Asabar ɗin ta zo ana babban wasa a Turai, babu lokaci. Ta gaba aka katse mu da sanarwa. Ta gaba na yi mura. Na gano cewa mutum in yana so zai iya samun uzuri sabo fil kowane mako, ba tare da ya maimaita ba, har shekara biyu. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji. Da wannan jifan na yi aure, da shi na gina ɗaki biyu, da shi ake ba ni kujerar gaba a taro. In na cire shi, abin da ya rage mutum ne mai ciwon kafaɗa da bai iya tsayar da ƙwallo ba. Duk lokacin da motarmu ta ratsa Kabo sai in sunkuyar da kai ina duba waya.

Wani direba ne ya gaya mini tsohon ma'aunin ya kwanta, an daina fito da shi zaure. A Asabar ɗin, bayan tallan takin zamani, na matso da bakina kusa da makirfo na faɗa. Na karanta dokar, na fassara ta. Na ce ƙwallon da na ci Kabo ba ci ba ce, golansu bai sayar da wasa ba, bai ji tsoro ba, shi ne mai gaskiya, kuma na daɗe da sani na yi shiru. Gumi ya jiƙa mini riga.

Aka buɗe layi. Na farko daga Gwarzo ya ce, “Kai, Allah ya ƙara maka tawali'u, manya ke nan, ba sa son yabo.” Na biyu daga Kabo ya ce yana da tambaya ɗaya, nawa Malam ya ba ni. Na uku ya roƙi in sake ba da labarin jifan, don ɗansa bai taɓa ji ba. Da na fito shugabar sashe ta yi mini murmushinta na farko, ta ce ba mu taɓa samun kira da yawa haka ba. Aikin da na yi shekara biyu ina tsoron rasawa ko girgiza bai yi ba.

Washegari na saka shaddata mai kyau na tafi Kabo. Ba zan ɓoye ba, godiya na je karɓa. Malam ya tare ni a ƙofar gida, ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Ya ce sun saurara tare, shi ya riƙe wa tsohon rediyon a kunne, amma tun jiya tsohon bai ce komai ba. Ya shigar da ni ɗakin. Tsohon yana jingine da bango a kan katifa, ya rame, idanunsa sun yi fari. Na durƙusa na gaishe shi.

“Kai ne na rediyo?”

“Ni ne, Baba.”

Ya lalubo hannuna ya riƙe. “Na ji abin da ka yi jiya. Allah ya yi maka albarka, ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa wa ɗana. Ba kowa ne zai zubar da girmansa don ya wanke wani ba.”

“Baba, ba rufin asiri ba ne. Gaskiya ce. Wallahi bai sayar ba, doka ce.”

“Kul, kada ka rantse a kan wasan yara.” Ya ɗan bubbuga hannuna. “Kuskure ne na ƙuruciya, kuma ni na yafe masa tuntuni. Shi ma ya sani.”

Malam yana tsaye a bakin ƙofa da kofin ruwan da ya kawo mini. Bai motsa ba.

“Baba, ka saurare ni,” na ce. “Littafin yana nan, zan karanta maka.”

“Ɗana, na yi shekara hamsin ina awo a kasuwa, na san mutane,” ya ce a hankali. “Kai mutumin kirki ne, muryarka ta nuna. Da gaskiya ce, mutum irinka ba zai kwana da ita ba ko dare ɗaya, balle ya bar yaro da wannan suna har ya yi furfura.”

Malam ya sunkuya ya ajiye kofin a gabana, ya gyara wa mahaifinsa matashi, ya ce, “Sha ruwa, ka sha hanya.”