Kaka Iro da Cikin Kwamanda

Duk wanda ya san Kaka Iro a Garwa ya san ba ya gaida mai doki sai ya gama duba kashin dokin. Ka miƙa masa hannu, shi kuwa ya sunkuya bayan dabbarka da ɗan tsinke yana tonawa. In ya ga kashin ya dunƙule, sai ya ɗago fuska a sake ya gaida ka da Fulatanci, "Jam na?" In kuwa ya ga ruwa-ruwa, to ranar ba ka da gaisuwa, faɗa za ka sha.

Ni jikarsa ce, amaryarsa ta wasa, kuma ni na fi kowa shan wahalarsa, don ina suyar ƙosai a ƙofar gida. Tun yana saurayi ya yi aikin riƙe dawakai a ofishin dabbobi, a nan wani likita Bafaranshe ya gaya masa cewa dokin da ke gudawa ba ruwa kaɗai yake zubarwa ba, har da wani gishiri mai suna potasiyom. In ya ƙare a jiki ƙafafu su saki, zuciya ta riƙa tuntuɓe. Ya kuma ji cewa akwai irinsa a toka. Shi ke nan, murhuna ya shiga uku! Ban gama sauke kasko ba zai zo da hularsa ya kwashe tokar.

"Kaka, da wuta a ciki fa!"

"Amarya, abin da ya fita ta baya, sai a mayar da shi ta gaba. Ke dai soya ƙosanki."

Wata rana garwashi ya huda hular. Bai sake ta ba har shekara ta zagayo, wai ƙofar iska ce.

Kun tuna baƙonsa, dillalin shanun nan na Mayo-Ulo? Bawan Allah ya ci nama a kasuwa cikinsa ya ɓaci. Kaka ya tace ruwan toka a ƙwarya ya miƙa masa.

"Malam Iro, ai ni ba doki ba ne."

"Na sani. Doki ba ya gardama."

Mutumin ya kurɓa sau ɗaya, ya ce ya warke, ya nemi motar gida.

To, ana nan wata damina, lokacin da jiragen ruwa ke hawowa Binuwai ɗaukar auduga, sai abin ya faɗo kan Kwamanda, farin dokinsa da ya sayo a Yagwa yana ɗan ƙarami, suka tsufa tare. Ya ci sabuwar ciyawar bakin kogi, ciki ya ɓalle. Ya daina cin abinci, ya ƙi ruwan tokar ma, ƙafafun baya na rawa kamar na tsohuwa a kan tsani. Kaka ya daina tsokanata. A nan na tsorata, don ban taɓa ganin bakinsa a rufe ba.

Mutumin da ke cika baki cewa likitocin yanzu yara ne, sai ga shi ya taka da ƙafa har ofishin dabbobi ya taho da ɗaya, wani saurayi ɗan kudu. Likitan ya duba, ya ba da farin gari a takarda, ya ce a dama kaɗan a bokiti, a ajiye wani bokitin na ruwa zalla a gefe.

"Dusma, Baba, a hankali. In ka zuba da yawa, maganin ne zai tsayar masa da zuciya. Kuma ka lallashe shi ya ci harawa, a cikinta gishirin yake."

"Useko, na gode, ɗana. Amma ba na ba shi abin da ban ɗanɗana ba."

Wallahi duk bokitin da aka dama sai Kaka ya sha moɗa guda, ya tsaya yana sauraron zuciyarsa, sannan ya miƙa wa doki. Abinci kuwa ya rantse ba zai ci ba sai Kwamanda ya ci. Ciki babu komai sai ruwan magani, me kuke tsammani? Doki na samun sauƙi, Kaka na zarya tsakanin turke da bayan gida, riƙe da mazagin wando.

Na ce, "Ango, in kira maka likitan dabbobin?"

Ya ce, "Ki kira shi ya duba bakinki."

Wata safiya ina hura wuta na ji ƙurus-ƙurus daga turke. Kwamanda ne ya sa baki a harawa yana taunawa. Kaka na tsugune a gabansa, hawaye na bin gemunsa, bai ko share ba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya waiwayo.

"Amarya, kawo ƙosan nan. Mai gida ya ci, bara ma sai ya ci."

Na kawo masa, ni ma ina kuka, ya cinye ya ce gishiri ya yi kaɗan.

Kwamanda ya tashi, har mai shi ya riga shi barin duniya. Da ciwon ajali ya kwantar da Kaka, abin da yake tambaya kullum shi ne ko an ba doki ruwa. Ya Allah, bawanka Iro ya ji tausayin dabbar da ba ta da bakin gode masa. Ka ji tausayinsa fiye da haka, Ka shayar da shi ruwan Alkausara. Amin.