Harajin Gidanmu na Ƙofar Kibo

Bayan rasuwar Baba, zamanin mulkin soja, muka sa gidanmu na Ƙofar Kibo a kasuwa don a raba gado. Har mun sallama wa mai saye, sai aka aiko daga ofishin haraji cewa ba mai taɓa gidan, wai ana bin sa harajin shekaru.

Wane haraji kuma? Duk kaka, a kan idona Baba yake damƙa kuɗin a hannun wakilin mai unguwa, a zaurenmu. Bai taɓa neman rasit ba. A wurinsa, ka nemi takarda daga dattijon da kuke sahu ɗaya a masallaci, ai ka kira shi ɓarawo ke nan.

Na je na sami mutumin. Yana jan carbi ya ce, "Yaro, tsufa ya zo, ba na tunawa."

Haka muka sake biya daga haƙƙin marayu. Ranar kammala ciniki sai ga shi cikin babbar riga, ya zauna cikin shaidu, har shi ya yi wa Baba addu'a. Da aka zo rabon goro kuwa, bai manta ya miƙa hannu ba.