Na Raina Karatun Share Fage, Ƙanwata Ta Riga Ni Shiga Jami'a

Assalamu alaikum Edita. Na daɗe ina karanta labaran da mutane ke aiko maku a wannan shafi, yau dai na ce bari in kawo nawa, ko Allah zai sa wani ya amfana.

Lokacin da na gama sakandare shekarata goma sha bakwai, kuma a layinmu na Kambarawa in ana zancen yaro mai ƙwaƙwalwa ni ake nufi. Tun daga aji ɗaya ban taɓa wuce na ɗaya ko na biyu ba. Ni ne shugaban ɗalibai, ni na karanta jawabi ranar da aka yaye mu. Mahaifina ma'aikacin sakatariya ne, mutum marar yawan magana, amma in suka zauna da abokansa a bakin masallaci bayan la'asar ba ya da hira sai tawa. Mutanen unguwa suka daina kiran sunana, Likita kawai suke ce mani, ni kuma ina amsawa da ƙarfi kamar na riga na karɓi takardar. Ban taɓa zama na yi tunanin abin da zan yi in likitancin bai samu ba, don a ganina wannan tunanin na wasu ne.

Sakamakon kammala sakandare ya fito da kyau. Jarrabawar shiga jami'a ma na ci, sai dai makin bai kai wanda ake nema ga masu son likitanci ba, Fiziks ce ta ja ni ƙasa. Aka fitar da jerin sunaye na farko babu ni, aka fitar da na biyu babu ni. Ana cikin haka Kawu ya aiko a kira ni. Yayan mahaifiyata ne, tsohon hedimasta da ya yi ritaya, yana zaune a gidan gado a Ƙofar Guga. Na same shi a zaure, muka gaisa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce in ba shi takardar sakamakon. Ya sa tabarau ya daɗe yana dubawa. Daga nan ya shimfiɗa mani hanyoyin da ke gabana. Ya ce akwai difloma, akwai kwalejin ilimi, amma wadda ya fi ganin ta dace da ni ita ce karatun share fage na shekara ɗaya da ake yi a wata kwaleji nan cikin gari, inda ɗalibi ke ɗaukar darussa uku, in ya ci da kyau ya shiga aji biyu na jami'a kai tsaye. Ya ce makina na Fiziks ya nuna akwai rami a tushena, kuma zama gida da tsoffin tambayoyi ba zai cike shi ba, sai an koma gaban malami.

Amsar da na ba shi har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni. Na ce, "Kawu, ai wannan karatun waɗanda suka faɗi ne, ni kuwa ban faɗi ba. Kuma ba don in ƙare da riƙon alli na sha wahalar karatu ba." Mutumin da na faɗa wa haka ya fi shekara talatin yana riƙe da alli. Bai ɗaga murya ba. Ya ninke takardar ya miƙo mani, ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a. Ka gaida mutan gida." Da labarin ya iske mahaifiyata ta yi kuka, ta ce in koma in ba yayanta haƙuri, na ce zan je, ban je ba. Mahaifina kuwa bai tsawata mani ba, kuma na san goyon bayana yake yi, don shi ma likitan yake so.

Haka na zauna gida shekara guda ina karatu ni kaɗai. Yanzu da na waiwaya na gane ba karatu nake yi ba, abin da na riga na iya nake ta maimaitawa. In wuni a kan Bayoloji don tana yi mani daɗi, in na buɗe Fiziks na ci karo da lissafin da ya gagare ni sai in juya shafi. Na sake zama jarrabawar, makin ya ɗan motsa amma bai kai ba. A wannan shekarar jami'ar da na nema ta ba ni gurbi a wani fannin kimiyya daban, na gani a shagon kwamfuta da idona, na rufe shafin na fito ban faɗa wa kowa ba. Duk wanda ya tambaye ni sai in ce sunana na nan tafe a jeri na gaba. Da ƙaryar ta fara tsufa na daina zama majalisa, na sauya masallacin da nake salla, in abokan karatuna sun dawo hutu suna hirar lakca da ɗakin kwana sai in ce a ce masu ba na nan. Ƙofar Guga kuwa ko ranar Salla daga bakin ƙofa nake gaisuwa in juya.

A shekara ta uku ƙanwata, wadda na girma da shekara biyu, ta gama sakandare. Muka zauna jarrabawar shiga jami'a a mako ɗaya. Ita lissafi ta nema, kuma ta samu. Ni ban samu ba. Ranar da sunanta ya fito ba ta yi guɗa ba, ba ta ruga ɗakin mahaifiyarmu ba. Ɗakina ta zo ta tsaya a bakin ƙofa tana murza gefen hijabinta, ta ce, "Yaya, ka yi haƙuri, sunana ya fito." Yarinya ta ci jarrabawarta da guminta amma tana ba ni haƙuri. A nan na fara ganin abin da na mayar da gidanmu, gidan da ake ɓoye farin ciki don kada raina ya ɓaci.

Da lokacin rajista ya yi aiki ya riƙe mahaifina, ya ce in raka ta. Ina riƙe da fayil ɗinta a layi wani jami'i ya miƙo hannu ya tambaye ni wane sashe aka ba ni, na ce mashi rakiya na yi. Ban gama haɗiye wannan ba na ji an ƙwala mani kira da Likita. Wani ɗan ajinmu ne na sakandare, wanda kullum a bencin baya yake zama, wanda na taɓa yi wa dariya a gaban mutane da na ji ya tafi karatun share fage. Yanzu yana aji uku a fannin injiniya. Ya rungume ni da murna ta gaskiya, ya tambaye ni aji nawa nake. Ƙaryar da na saba ta zo bakina, sai na ga ƙanwata tana kallona. Na ce mashi ban shiga ba tukuna. Na jira ya rama dariyar, bai rama ba. Ya ja ni gefe ya ce shekarar share fagen ita ce mafi wuya da ya taɓa yi, kuma ita ce ta mayar da shi ɗalibi, ya ce ana kan sayar da fom ɗin bana, saura 'yan kwanaki a rufe.

A hanyar dawowa na ce wa mai napep ya wuce da ƙanwata gida, ni na sauka a Ƙofar Guga. Wannan tafiyar daga bakin titi zuwa zauren Kawu ba ta kai minti biyar ba, amma sau biyu ina tsayawa kamar in juya. Na yi sallama, na cire takalmi na durƙusa. Ya amsa gaisuwata kamar jiya muka rabu, ya tambayi gida, ya tambayi rajistar ƙanwata. Da gaisuwa ta ƙare na ce na zo neman gafara ne, kuma na zo in karɓi shawarar da na ƙi. Ya dube ni ya ce, "Maganar nan taka ta yi mani ciwo, ba zan ɓoye maka ba. Amma ɗauke ƙafar da ka yi ta fi yi mani ciwo. Na yafe. Gobe ka zo da takardunka mu tahi tare."

Faɗa wa mahaifina ya fi wannan nauyi. Na same shi bayan la'asar na gaya mashi komai, har da gurbin da aka ba ni na ɓoye. Ya tambaye ni abin da zai ce wa mutanen da ya shekara uku yana gaya wa ɗansa zai zama likita. Na ce, Baba, ka gaya masu gaskiya, ni zan ɗauki kunyar. Kwana huɗu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ranar da za a fara darasi na fito da jakata na tarar ya tayar da babur yana jirana. Na hau, ya kai ni har ƙofar kwalejin. Da na sauka ya ce in riƙe abin da kyau, ya juya.

Ni ne babba a ajin. Cikin ɗaliban akwai yaran da suke ƙasa da ni a sakandare, wasu ma ni na sa su shara lokacin ina shugaban ɗalibai. Makon farko suka riƙa kallona suna raɗa. Gwajin Fiziks na farko na kusa zama na ƙarshe, kuma malamin da ƙarfi yake kiran maki. Na koma gida raina a jagule, amma washegari na ɗauki littafina na koma bencin gaba, na fara ɗaga hannu ina tambayar abin da ban gane ba, ko da kuwa kowa ya sani. Da na kai wa Kawu takardar gwajin ya duba ya ce matsalar ba a Fiziks take ba, a lissafi take. Ashe shekara da shekaru haddace hanyoyin amsa nake yi ban san dalilinsu ba. Ya sa aka fito da wani tsohon allo aka jingina a zaure, kowace Asabar da hantsi ya mayar da ni lissafin ƙaramar sakandare, yana yi yana tsokanata. Ƙanwata ma a ƙarshen mako takan zauna da ni a tsakar gida ta warware mani abin da ya shige mani duhu. Da farko abin ya yi mani nauyi, daga baya ni da kaina nake tara mata tambayoyi.

A wannan shekarar na gano wani abu da ban sani ba game da kaina. Duk sa'ar da muka shiga ɗakin gwaje-gwaje na Kemistiri ba na son a tashi. Na fara tambayar kaina ko likitancin nake so, ko kuwa sunan da aka laƙaba mani. Da sakamakon ƙarshe ya fito na ci darussan uku da maki mafi girma, sunana ne a saman allon sanarwa. Malamaina suka ce da wannan sakamakon zan iya gwada likitanci. Na zauna da mahaifina da Kawu na ce masu fannin haɗa magunguna nake so, na kawo dalilaina, suka sa albarka. Wannan ne karo na farko da na zaɓi abu don na san shi, ba don a yaba mani ba. Na shiga aji biyu kai tsaye a shekarar da ƙanwata ta shiga aji biyu, muka riƙa fita tare da safe. Ta riga ni gamawa don karatunta ya fi nawa gajarta, kuma ranar bikin yaye su babu wanda ya kai ni tafi. Yau ina aiki a sashen magunguna na wani asibiti nan Katsina, ina da iyali, kuma ina son aikina.

Edita, ba zan ce ban yi asara ba. Shekara biyu na zubar, na ɓata wa dattijon da ya so ni da alheri, na sa iyayena cikin damuwa, duk don kada a ce na bi hanyar waɗanda suka faɗi. Amma ina alfahari da yaron da ya sauka a Ƙofar Guga ranar nan, ina alfahari da shi fiye da wanda ya yi ta zuwa na ɗaya. Ga ƙannena da suka gama sakandare, idan sunanku bai fito ba bana kada ku shige ɗaki ku fara yi wa mutane ƙarya. Ku nemi wanda ya san harkar karatu ya duba sakamakonku, ku saurari abin da zai ce ko da bai yi maku daɗi ba. Share fage, difloma da kwalejin ilimi duk karatu ne, kuma wanda ya shiga ɗaya cikinsu ya fi wanda ke zaune gida yana jiran jeri na gaba. Iyaye kuma ku bar wa 'ya'yanku wurin da za su iya dawowa su ce ban samu ba, ba tare da sun ji sun kunyata ku ba.

Takarduna na karatu yanzu suna da ɗan yawa. Duk inda aka nemi in kai su, takardar share fagen nan nake ɗorawa a sama, kuma in aka tambaye ni ta wace hanya na shiga jami'a, da ƙarfi nake faɗa.

Wassalam.