Jar wuta a tsakiyar gulbi

Daga Isa har Sabon Birni ba a yi direban da ya san cikin mota kamar ni ba. Haka nake gaya wa fasinja, haka nake gaya wa masu shayin tasha, har akuyar da aka ɗaure a bayan akori-kurata ta sha jin wannan magana. Nakan ce inji ko atishawa ya yi a Alkalawa, ina zaune a Isa za ni faɗi abin da ke damunsa. Fitilun nan na gaban direba kuwa, cewa nake yi don 'yan koyo aka yi su.

A shekarun farin nan ne, lokacin da mutane suka cinye har irin da suka ɓoye don shuka. Damina ta yi nisa ba ɗigo, sai aka wayi gari da labarin an yi ruwa a Tsamaye. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, can gonarsa take. Ya tako har kasuwar Bafarawa ya samo buhun irin gero, nasa da na maƙwabtansa, ya same ni a tasha bayan azahar.

"Ɗan nan, yau nika son kwana gida," in ji shi. "Laimar ƙasa ba ta jiran kowa. In ta wuce gobe da safe, shi ke nan."

Na ce, "Kawu, ku shiga. Kafin ku gama cin goron bakinku mun isa."

A shekarun nan gulbi ya ƙafe ƙaf, har mu direbobi muka mai da cikinsa hanya, don ya fi yanke. Ruwan da aka yi bai ko jiƙa yashinsa ba. Na kutsa ciki ina ba Kawu labarin yadda na taɓa tsere wa guguwa, sai na ji ƙasan mota ya daki wani abu, gum. Na ce kututture ne, mun saba. Ba mu yi nisa ba jar wutar mai ta kama.

Kawu ya nuna ta da haɓa. "Wagga fa, mi taka cewa?"

"Gaisuwa ce take yi."

Amma ƙafata ta riga ta bar totur. Duk surutuna na san abu guda: in wutar nan ta kama da gaske, mai ba ya zagaya inji, kuma in ka matsa, ƙarfe zai ci ƙarfe, motar ta mutu inda take. Na kashe ta nan tsakiyar yashi.

Na zaro sandar awon mai, na goge, na mayar, na sake zarowa. Mai cike yake. Na so a ce waya ce ta goge tana taɓa jikin mota, don wannan ƙaryar wuta ce kawai. Na bi wayar da hannu, lafiya lau. Sai na buɗe murfin da ake zuba mai, na tayar da inji ɗan lokaci kaɗan, na leƙa. Ya kamata in ga mai yana fantsama a sama. Wurin a bushe yake, ga kuma wata 'yar ƙara, kaf-kaf-kaf, wadda kunnen nan nawa bai ji ba sai yanzu.

Na kwanta na shiga ƙarƙashi. Kaskon da mai ke zama a gindin inji ya lotsa ciki. Bai huje ba, amma ya turu sama ya manne da bakin rariyar da famfo ke zuƙo mai ta cikinta. Ga mai, ga famfo, an toshe tsakaninsu.

Na fito na gaya wa Kawu sai an sauke kaskon an buge shi.

"Har yaushe?"

Ban yi masa ƙarya ba. Na ce sai inji ya huce tukuna.

Ya sauko, ya zauna a inuwar mota, ya jingina da taya yana kallon gabas.

Ba ni da abin da zan tsiyaye man a ciki. A gaɓar gulbi akwai wata ruga, bukkoki kaɗan, ba saniya ko ɗaya, sai igiyoyin ɗaure maruƙa a ƙasa. Wata dattijuwar Bafillatana ta fito. Na gaishe ta, na roƙi tsohon kwano da taɓarya. Ta shiga ta fito da babbar ƙwarya mai zane, irin ta nono.

Na ce, "Inna, baƙin mai ne. In ya shiga wannan ba ta ƙara yin nono."

Ta ce, "Wane nono?" Ta miƙo mini.

Na tsiyaye man a cikinta, na kwance kusoshin kaskon ɗaya bayan ɗaya ina zuba su a hulata don kada yashi ya haɗiye su. Na kifa kaskon a kan yashi, na yi ta dukan lotsawar da taɓarya har ta koma. Na wanke rariyar da fetur. Takardar da ke hana yoyo tsakanin kasko da inji ta yage wajen cirewa, sai da na yanko wata daga kwali. Ina cikin yanka ta, rana ta faɗi. Ba a ɗaura irin wannan da lalube, yashi kaɗan ya shiga an koma baya. Nan muka kwana.

Da gari ya waye na ɗaura, na tace man da ƙyalle na mayar. Na tayar. Wutar ta tsaya ja kamar ba za ta tafi ba, sannan ta mutu. Na leƙa ta murfi, mai na fantsama.

Rana ta take sosai kafin mu isa Tsamaye. Kawu bai bi ta gida ba, gona ya ce in kai shi. Maƙwabta na can tsaye da sungumi tun asuba. Ya durƙusa a kan tudu ya tura hannu cikin ƙasa, ya ɗebo, ya matse. Ya buɗe hannun, ta zube. Ya gangara wajen kwari ya sake ɗebowa. Wannan ta ɗan dunƙule.

"Nan ƙasa kaɗai za a shuka," ya ce musu. "Sauran iri a ɗaure, ko Allah Ya sa a ƙara wani."

Ni kuwa ban iya zama da shiru ba. Na fara ba mutanen labarin yadda na feɗe inji a tsakiyar gulbi da taɓaryar daka, abin da ko a birni ba a taɓa yi ba.

Kawu yana kwance bakin buhu, bai ko ɗago ba.

"Ɗan nan," ya ce, "wanda yat taho da ƙafa daga Bafarawa tun jiya ya yi shuka. Ɗauki sungumi."