Shanun Baba Isiya a Jikin Bango

Batsari

Ana sallame Asuba na ɗaure majigi da lasifika da batir a buhu, na rataya jakar kwamfuta. Uwargida ta biyo ni har zaure tana cewa in ba dole ba, wa ke bin hanyar Safana a wannan zamani? Na ce mata dole ce. Gaskiyar magana, rabin dolen son a sani ne.

Ni malamin firamare ne. An tura mu kwas Katsina aka koya mana haɗa darasi a kwamfuta: ka sa hoto, ka ɗora muryarka, ka dasa tambaya, yaro ya taɓa ta amsa masa. Na dawo ina ji da kaina, na fara da darasin ɗebewa. Shanun da ke cikin manhajar irin na Turai ne masu dabbare-dabbare, na ce yaranmu ba su san waɗannan ba. Na binciko wayata, na samo hoton wasu shanu da na ɗauka shekarun baya a ƙauyen abokina Malam Sada, can gefen Zakka, ranar da na je suna. Na yanko kowace saniya daban, na tsara yadda in an taɓa ta za ta ɓace, a ji tafi raf-raf.

Malam Sada shi ne hedimasta a ƙauyen. Makarantarsa ta daɗe a rufe saboda 'yan bindiga, da ƙyar ya shawo kan iyaye su maido yara, da alkawarin za a kawo majigi. Ya ce in abin ya burge su yara za su zauna, in bai burge ba sai ya koma koyar da bencina.

A-kori-kurar da na shiga ba ta tashi ba sai da gari ya waye tangaran, direba ya ce ba ya son zama na farko a hanya. A shinge wani jami'i ya zunguri buhuna.

"Mene ne wannan?"

"Majigi ne, ranka ya daɗe."

"Fim ɗin Indiya?"

"Lissafi."

Ya saki buhun ya ce Allah ya kyauta.

Safana

Na tarar da Malam Sada a tasha kan mashin ɗinsa, ya rame ƙwarai. Muka ci waina a tsaye. Na buɗe kwamfuta zan nuna masa aikin, ya ce, "Bari sai mun isa, Bishir, rana na yi." Da ya duba a lokacin, da ban sami abin ba ku labari ba.

A hanya gero ya yi kyau kusa da titi, can ciki kuwa gonaki sun koma saura. Da muka shiga ƙauyen na ga turaku a ƙofar gidaje ba dabba ko ɗaya. Na gani da idona, ban kawo komai a raina ba. Tunanina yana kan ko batir zai kai.

Ƙauyen Malam Sada

An toshe tagogin aji da tabarmi. Yara a gaba, iyaye maza a tsaye a baya, mata suna leƙe ta ƙofa. Na kunna, shanu bakwai suka fito a jikin bango, manya-manya. Aji ya yi tsit. Na ɗauka burgewa ce, har na gyara hula. Muryata ta fito daga lasifika: "Ga shanu bakwai. An tafi da uku. Saura nawa?"

Na kira wata yarinya, Rabi, ta zo ta taɓa. Ta tsaya tana kallon bango.

"Malam, wagga tamu ce. Mai karyayyen ƙaho. Ita Inna ka tatsa."

Ni da baki har kunne na ce, "Madalla! To taɓa ta mu gani."

Ta ɓoye hannu a hijabi. Sai na taɓa da kaina don in nuna mata. Saniyar ta ɓace, lasifika ta ɓarke da tafi. Wata mata a ƙofa ta yi salati.

Malam Sada ya damƙe hannuna ya raɗa mini, "Kashe, Bishir. Shanun Baba Isiya ne, uban yarinyar nan. An kore su duka. Yayanta ya bi sawu, bai dawo ba."

Ya faɗa mini wannan a waya tun lokacin, har jaje na yi. Ban taɓa haɗa labarin da hoton ba. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Iyaye suka fara janye yaransu ɗaya bayan ɗaya, Malam Sada yana kallo. Ina laluben inda zan kashe, sai na ji murya daga baya.

"Malam, kada ka kashe. Maido ta."

Wani dattijo ne dogo, da sanda, Baba Isiya da kansa. Na danna baya, saniyar ta dawo. Ya tako har bango, inuwarsa ta rufe su, ya matsa gefe. Ya daɗe yana dubawa.

"Tun da anka tafi da su ban ƙara ganinsu ba. Ga ma wadda ɗana Sani ka so." Ya juyo. "Bar su hakanan. Kada kowa shi taɓa."

Haka muka zauna. Waɗanda suka fita suka dawo, kowa na nuna wadda ya sani. Ba wanda ya kalle ni, na kuwa gode da hakan. Batir ya ƙare, bango ya koma fari. Baba Isiya ya ce da Malam Sada, "Ɗiyata za ta zo gobe. Amma lissafin ga, a yi shi da duwatsu." Sauran iyaye suka gyaɗa kai.

Na durƙusa zan ba shi haƙuri, ya tare ni da godiya, har ya sa aka kawo mini gyaɗa a kwano. Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Komawa gida

Muka bar ƙauyen kafin La'asar saboda hanya. Malam Sada ya sauke ni a tashar Safana. Na sami a-kori-kura ta ƙarshe, na zauna kan buhun gero da gyaɗar a cinyata, na kasa cin ko ɗaya. Na shiga Batsari ana kiran Magariba. Uwargida ta karɓi buhu ta ce, "Sun yi tafi?" Na ce lasifika dai ta yi.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Malam Sada da bai sake tayar da maganar ba. Ya aiko cewa yara suna zuwa. Darasin na goge shi. Hoton kuwa na kai an wanko shi babba, shanu bakwai cif. Malam Sada ne zai kai wa Baba Isiya, don ni har yau ban iya haɗa ido da shi ba.