Tsanin Soron Inna

Ranar wata Juma'a ce a ƙarshen damina, shekarar da na shiga aji biyar, Baffa Sale ya tsayar da babbar motarsa a bakin gidanmu a Ƙofa, ya sauko da wani abu naɗe cikin bargo. Baffa Sale ƙanen mahaifina ne, direba a hanyar Kano zuwa Jos, kuma bai taɓa dawowa daga tafiya ba sai da abin da zai ɗaga wa gida hankali. Shi ya taɓa kawo mana agwagin da suka cinye shukar maƙwabta. Wannan karon da ya warware bargon a tsakiyar zaure, sai ga allon gilashi mai duhun shuɗi, tsawonsa bai kai ƙyauren ɗaki ba. Ya ce wasu masu aikin rijiya ne a wajen Doguwa suka tashi, ya saya a hannunsu, kuma wai rana yake sha ya ba da wuta. A farkon shekarun casa'in ɗin nan unguwarmu ko turken lantarki babu, don haka mazan da suka dawo daga masallaci suka cika zauren, kowa na taɓa gilashin da yatsa yana cewa ikon Allah. Ni ma na leƙa ta ƙarƙashin hannun wani dattijo, na yi ta murna da bakina a buɗe.

Kwana da kwanaki Baba da Baffa suna tsara yadda za a yi. Sai su tsuguna a ƙofar gida, Baffa ya zana taswirar gidanmu a ƙasa da tsinke, Baba ya goge da tafin hannu ya ce ba haka ba. Kayan aikin dai batirin tsohuwar mota ne, da ƙullin waya, da ƙananan ƙwayayen fitila guda uku. Aka yanke cewa ɗaya na zaure ne, ɗaya na turakar Baba, ɗaya na madafin Inna. Baffa da bakinsa ya shigo tsakar gida ya faɗa mata: "Matar Yaya, kin yi sallama da hayaƙin aci-bal-bal." Inna ta ce Allah ya nuna mana, ta ci gaba da yankan kuɓewarta.

Sai aka zo kan inda za a ɗora allon. Rufin zaure tsamiya ta rufe shi da inuwa. Turakar Baba kwano ce sabuwa, ya ce ba wanda zai huda masa ita. Saura soron Inna, wanda rana ke dukansa tun daga hantsi har ta faɗi.

Wannan rufin ba wurin banza ba ne. Nan Inna ke shanya. Da kaka ta kama, ba ka ganin ƙasar rufin saboda yankakkiyar kuɓewa da barkono da ganyen kuka, da rani kuma tumatir. Da abin da ta shanya muke miya har wata damina, da shi take aika wata tsohuwa kasuwar Kiru ta sayo mana sabulu da takalman makaranta, kuma daga ciki take ɗiba ta ba maƙwabta. Aikina ne in hau tsani da faifai a kai kafin in tafi makaranta, in na dawo in juya shanyar da hannu, in riƙa duban gabas ko hadari zai taso. In na gama sai in zauna a jikin bango in yi carafke da duwatsuna, ina hango Fulani masu tallan nono suna shigowa gari a jere. Inna ma takan hau da la'asar don kwashewa, kuma ba ta saurin saukowa.

Ba wanda ya tambaye ta. Wannan shi ne abin da har yau yake ci min rai in na tuna. An tambayi makaho mai wa'azi ko halas ne a yi wuta da rana, an tambayi kafinta irin katakon da za a yi wa allon ƙafa, amma matar da rufin yake nata sai dai ta ji takun maza a saman kanta. Baba ya ce mata gefe ɗaya kawai allon zai ci. Da suka hau, Baffa ya ga bangon gefe yana jefa inuwa da safe, sai suka kafe shi a tsakiya cak. Da suka sauko kuma ya ce gilashin nan ba ya son taɓi, dutsen carafke ɗaya ya isa ya tarwatsa shi. Ya faɗi haka yana kallona. Baba ya saɓi tsanin a kafaɗa ya fita da shi, ya jingine shi a bayan zaure inda mata ba sa zuwa.

Maganar waya kuwa abin dariya ce in ba a kanka ta faɗo ba. Madafin Inna yana manne da soron, yaro ma zai miƙa waya daga nan zuwa can. Amma da yake batirin a zaure aka ajiye shi, can aka fara ja, aka ratsa tsakar gida duka, aka dawo turaka, waya ta ƙare. Baffa ya ce in ya dawo daga Jos zai kawo ciko. Ƙwan fitila na uku kuwa, don kada ya zauna a banza, aka rataye shi a ƙofar gida. Daga nan zaurenmu ya zama majalisar unguwa, har rediyo aka jona. Baffa ya je Jos ya dawo ba adadi, ya kawo dankali, ya kawo wani kare mai ɗingishi, waya dai ba ta zo ba.

Kamar da gayya, a shekarar nan kuɓewa ta yi kyau irin wanda ba mu taɓa gani ba. Inna ta shimfiɗa tabarmi a tsakar gida ta baza. Amma tsakar gidanmu rabin yini inuwa ce, ga ƙasa da sauran danshin damina, ga awaki, ga kaji. Na daina fita wasa, na zauna da kara a hannu ina kora, in na kori na gabas na yamma su shigo. Duk a banza. Kuɓewar ta ƙi bushewa, ta yi yauƙi, ta yi baƙi, fumfuna ya hau ta. Wata safiya Inna ta ɗebi kaɗan ta sansana, ta naɗe tabarmin ɗaya bayan ɗaya, ta ce in kai juji. Ita ba ta yi kuka ba, ni ce na yi, ina tafe ina zagin akuyar da ke bina.

Daga jujin ban koma ciki ba, zaure na nufa. Baba na zaune da abokansa. Na durƙusa na gaishe su, na ce, "Baba, a mayar mana da tsaninmu." Ya dube ni ya ce, "Wa ya aiko ki?" Na ce ba kowa. Wani dattijo ya kwashe da dariya ya ce yarinyar nan ta yi baki, boko ya fara aiki. Baba ya ce in wuce ciki. Da na shiga Inna ta ja kunnena don na tsaya gaban maza, ta ce, "Ke, ba a haka." Da yake ni ce 'yar fari, ba ta kiran sunana. Amma da rana ta zuba min ƙosai fiye da na kowa.

Da rani ya yi nisa, Inna ta miƙo min ƙaramin kwano ta ce in je gidan Iya Abu in ce a sam mana kuɓewa. Iya Abu ɗin da kowace shekara ni nake kai mata kyauta daga rufinmu. Na tafi ina jan ƙafa, kunya kamar ta kashe ni. Aka yi miya da ɗan abin da na samo, aka kai zaure. Da na je ɗauko kwanuka Baba ya ce in gaya wa Inna miyarta ta cika ruwa kwana biyun nan. Ban kai saƙon ba.

Batirin bai yi shekara biyu ba ya mutu, ba a sake wani ba. Allon ya zauna a sama tantabaru suna kashi a kansa, tsanin kuwa gara ta cinye shi a bayan zaure. Da can Inna ce ke ganin tsaga a rufin ta liƙe ta da laka tun tsagar tana ƙarama. Da aka daina hawa, soron ya fara yoyo, azara ta ruɓe, daga baya aka rushe saman aka buga kwano.

Baba da Baffa duk sun rasu, Allah ya jiƙansu, kuma na yafe abin da na iya yafewa. Yanzu sola ta zama ruwan dare, ko mai shayi yana da ita. Bana na zauna da kaina na tsara wa Inna tata: allo biyu, batiri, na'urar daidaita caji, fanka, da waya har ta yi saura. Na je Ƙofa na zayyana mata komai, na ce wayar farko madafi za ta shiga, in ga wanda zai hana. Tana tsintar shinkafa tana saurare. Da na gama ta ce Allah ya yi albarka, sannan ta ɗaga kai ta dubi rufin kwanon.

"Ni fa fitilar ba ta dame ni ba, hayaƙi na saba da shi," in ji ta. "Kin san ba fita nake yi ba a lokacin. Daga can sama nake hango hanyar garinmu. In na ga mota ta taho sai in ce ko wani namu ne."

Na ɗora mata allunan, madafinta ya yi haske har kana iya tsintar allura. Amma rufin kwano ba a zama a kansa, kuma ƙafafunta ma sun daina hawan tsani. Shekara talatin ina fushi a kan ƙwan fitila, ban san girman abin da aka ɗauke mata ba.