Kunkuru a Ɗakin Malam

Ranar da na cika kwana ashirin da uku a takaba, ina bakin ƙofa ina tsintar shinkafa, wayar Malam ta yi ƙara. Ban kashe ta ba tun rasuwarsa. Ina sa mata caji kamar yadda yake yi. Na ɗauka, sai na ji muryar wani abokinsa, direban babbar mota mai dogon zango. Bai ji labari ba.

"Malam, albishirinka! Mutumin naka ya iso, muna tasha."

Na gaya masa. Ya yi salati, ya yi ta addu'a. Da ya natsa sai ya ce, "To Hajiya, yaya za a yi da shi? Tun jiya bai sa komai a bakinsa ba."

Na ce a kawo shi gida, akwai sauran tuwo.

Mai takaba ba ta fita, don haka ƙanin Malam na aika, wanda ke ɗinki a bakin kasuwa. Da ni da shi wasa muke yi tun ina amarya, amma tun ranar jana'iza bai ƙara tsokanata ba. Na shimfiɗa tabarma a zaure, na ɗumama miya. Can sai ga shi ya shigo shi kaɗai, rungume da kwali mai huji-huji. Ya ajiye a tsakar gida, ya koma gefe yana cije leɓe.

"Matar yaya, ga baƙonki. A kawo masa ruwan alwala?"

Kunkuru ne. Girmansa ya kai akushi, bayansa ya yi tozo sama, ruwan ɗorawa da ɗigo-ɗigo baƙaƙe kamar fatar damisa. Sai a lokacin na tuna. Malam ya yi shekaru yana gadin gandun daji a Kamuku, kafin dajin ya daina shiguwa. Akwai hoton irin wannan kunkuru a kalandar ofishinsu, ya yanko shi ya manna a bangon ɗakinsa. Yakan ce wata rana sai ya ga mai rai. Ni na ɗauka magana ce kawai irin ta maza. Ashe ya yi wa direban nan zancen, shi kuma ya yi ta cigiya har ya samo a hannun wani mai sayar da tsuntsaye a kudu.

Inna, mahaifiyar Malam, tana tare da mu tun da suka taso daga ƙauyensu na gefen Dogon Dawa. Ta fito da sandarta ta leƙa kwalin, ta daɗe tana kallo.

"Wasu su bar wa uwarsu saniya," in ji ta. "Nawa ɗan kuwa, kunkuru ya bar mini."

"Ai ba naki ba ne ke kaɗai, Inna," in ji ƙanin Malam. "Gado ne. In aka raba, tunda akwai 'ya'ya, matar yaya tumuni gare ta. Rabin ƙafa ke nan."

Na yi dariya, ita ce ta farko a gidan tun ranar. Inna ma ta juya baya kafaɗunta na rawa.

Kowa a garinmu ya san kunkuru, ko kuwa yana jin ya san shi. Namu na daji ƙanana ne, masu duhu, da damina suke fitowa. Bayan ruwa ya ɗauke za ka same su ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye suna cin naman kaza. Inna ta tsinci da yawa tana yarinya. Ta ce kunkuru ɗan laima ne, rana ke kashe shi. Ta sa aka jiƙa buhu aka shimfiɗa masa bayan randa, inda ƙasa ba ta taɓa bushewa. Kullum da safe takan ɗebi ruwan randa a moɗa ta kwarara masa. A watan Agusta ne, ruwa ba ya ɗagawa kwana biyu a jere. Muka ba shi tumatir, da ɓawon ayaba, da ɗan tuwo a murfin kwano. Duk lokacin da rana ta ɗan leƙo sai ya ja jiki ya nufi tsakar gida, Inna kuma ta tare shi da sanda ta mayar da shi.

"Dubi mara wayo. Yana neman ajalinsa."

A kwana na shida na ji ƙarar. Na sunkuya zan ɗebi ruwa, sai na ji wani siririn fito, kamar iska na bi ta ramin makulli. Na tsuguna. Ya miƙo wuya, baki a buɗe, ƙananan kumfa na fitowa ta hancinsa suna fashewa. Tumatirin jiya yana nan bai taɓa ba.

Na san wannan ƙarar. Malam da tari ya fara. Sati biyu muna cewa mura ce, ni da Inna da shi kansa. Citta da kanumfari da zuma, babu abin da bai sha ba. Ranar da muka yarda ba mura ba ce, sai da muka jira motocin rakiyar jami'an tsaro kafin a kama hanyar Kaduna. Ya kwana uku a asibiti.

Na gaya wa Inna. Ta zo ta saurara ta ce, "Mura ce. Sauyin ruwa."

Shekara ashirin da shida ina gidan, ban taɓa musa wa Inna magana ba, ko sunan ɗanta ban taɓa kamawa a gabanta ba.

Aka shiga magani. Inna ta dafa ganyen zaiti da na lemun tsami, ta sa kunkurun da tukunyar ƙarƙashin bargo ɗaya don ya yi surace. Da aka buɗe, ya shige cikin gidansa ya rufe ƙofa da gwiwoyinsa. Ta lakato man zafi a yatsa za ta shafa masa a hanci, ta zauna jiran hancin ya fito. Ta yi jira har aka kira azahar. Ƙanin Malam ya zo cin abinci ya tarar da ita zaune da yatsa a sama. Ya durƙusa ya ƙwanƙwasa bayan kunkurun.

"Salamu alaikum. Maigidan yana ciki kuwa? Likita ce ta zo."

"Tashi ka ba ni wuri, ɗan banza," in ji Inna. "Kai ma haka ka yi mini da maganin shawara."

"Ni ai ba ni da inda zan shige, Inna, shi ya sa kika ci galaba."

Kwana biyu ana haka. A rana ta uku da safe na tarar idanunsa sun kumbura sun rufe, fiton kuma ana jin sa daga bakin madafa. Inna ta taho da moɗarta cike da ruwan randa. Ban san lokacin da na riƙe moɗar ba.

"Inna, ba mura ba ce."

Ta dube ni. Na sunkuyar da kai, amma ban saki moɗar ba.

"Haka muka ce wancan karon," na ce.

Ta saki. Ta koma ɗakinta. Jim kaɗan na ji tana ƙwala wa ƙanin Malam kira a waya, tana faɗa kamar shi ya yi laifin, wai ya bar keken ɗinkin nan ya je ya ɗauko malamin dabbobi yanzu-yanzu.

Malamin dabbobi dattijo ne mai fara'a, duk wanda ke da akuya a garin ya san shi. Ya shigo da jakarsa yana tambayar ina mara lafiyar, tunkiya ce ko akuya. Aka nuna masa bayan randa. Ya cire hula ya sosa kai.

"Hajiya, na yi wa bijimi allura, na yi wa jaki, na taɓa yi wa biri. Wannan ko a makaranta a hoto na gan shi."

Bai yi ƙarya ya ce ya sani ba, Allah ya saka masa. Ya ɗauki hotonsa a waya ya aika wa wani abokin karatunsa a Zariya, suka daɗe suna magana rabi Hausa rabi Turanci. Da ya gama ya juyo.

"Wa ya ajiye shi a nan?"

Inna ta shiga gyaran ɗankwalinta.

Ya ce wannan ba irin namu ba ne. Daga ƙasashen gabashin Afirka ake kawo su, inda ciyawa ke bushewa, rana na dukan ƙasa. Laima ce cutarsa. Sanyi ya sauka masa a huhu, kuma kunkuru ba ya iya tari, abin da ya taru a ciki sai ya zauna. A raba shi da tumatir da tuwo, a ba shi ciyawa. A nema masa wuri busasshe mai ɗumi, ba hayaƙi. Sannan allura biyar, ɗaya duk bayan kwana uku, a ƙafar gaba.

"Wato ranar da yake bi, gaskiyarsa ce," in ji ƙanin Malam, yana kallon sama.

"Wa ya tambaye ka?" in ji Inna.

Sai an san nauyinsa kafin a auna magani. Aka aro sikelin mai sayar da citta na kan layinmu. Ƙanin Malam ya ɗaga kunkurun da hannu biyu zai ɗora, kunkurun kuwa ya sake masa fitsari tun daga ƙirji har gwiwa, a kan sabuwar shaddar da ya ɗinka wa kansa.

"Alhamdu lillahi," in ji Inna. "Ya san mai gadonsa."

Allurar ita ce babban aiki. Malamin dabbobi ya kama ƙafa, ƙafa ta shige. Ya kama ɗayar, ita ma ta bi. Abu kamar akushi, amma ƙarti biyu suka yi gumi. Suka gwada lallashi, suka gwada sosa masa wutsiya. A ƙarshe malamin ya zauna a turmi da sirinji a hannu ya ce, "Mu jira. Ban taɓa samun majiyyacin da ya zo da ɗakinsa ba." Ni ce na lura in aka ɗan karkata shi gaba yakan miƙo hannu ya dafa ƙasa. Na karkata shi, ya miƙo, ƙanin Malam ya cafke, allura ta shiga. Ya yi wani huci kamar tsohon da aka tasa daga barci.

Saura wurin kwana. Madafa akwai hayaƙi. Ɗakina yana yoyo ta kusurwa, na Inna ƙasa ce, tana tsatsafo da damina. Ɗaki ɗaya ne a gidan mai siminti da rufi mai kyau, tagarsa na kallon gabas. A kulle yake tun ranar da aka fita da Malam zuwa Kaduna. Kowa ya san ɗakin da ake nufi. Inna ta kwance bakin zanenta ta miƙo mini makullin. Ban san a wurinta yake ba.

Na shiga ni kaɗai. Takalmansa na aiki suna bayan ƙofa da busasshen taɓo a jikinsu. Na buɗe taga, na share, na shimfiɗa busasshiyar harawa a inda rana ke sauka. Malamin ya ce a cika jarka da ruwan ɗumi a naɗe ta da tsumma a ajiye kusa da shi. Na duba ban ga tsumma ba sai rigar sanyin Malam ta aikin daji, koriya, a rataye a ƙusa. Na daɗe riƙe da ita. Sannan na naɗe jarkar.

Tun daga ranar aikina ke nan. Safe da yamma ina sauya ruwan jarka. Ina goge masa hanci da auduga. In rana ta fito, Inna da kanta take cewa a fito da shi, ta zauna gadinsa da sanda tana korar kaji. Har ta fara yi masa hira, tana ba shi labarin ƙauyensu da gonar da suka bari. In na shigo sai ta yi shiru ta ce tasbihi take yi.

Bayan allura ta biyu ido ɗaya ya buɗe. Bayan ta uku kumfar ta tsaya, ya ja ciyawa sili biyu ya tauna a hankali, muna tsaye mu uku a kansa kamar masu kallon ɗan da ya fara tafiya. Ƙanin Malam ya ce tun da ya warke a yi maganar rabin ƙafata. Malamin dabbobi ya ce bai warke ba, kada a yi gaggawa. Ya ce in sa kunne. Na sa. Fiton yana nan, ya yi ƙasa sosai, amma yana nan.

Maganin da malamin ke da shi na allura uku ne kawai, ya ƙare. Babu irinsa a garin. Ya aika a sayo a Kaduna, an ce an ba wani direba, direban yana jiran ranar da motoci za su taso tare da rakiya. Yau kwana huɗu ke nan da ranar allura ta huɗu ta wuce. Da safen nan ya ci ciyawa kaɗan, ya kwanta jikin jarkar. Saura allura biyu ba a yi masa ba.